Ƙarkon Na'ura da Nisan Kayan Gyara: Nazari Daga Teburin Mai Gyara a Kiyako

Tsakure

Wannan takarda ta yi nazarin ƙarkon wayoyin hannu da talabijin da kayan sola kamar yadda mai gyara yake ganinsa a Kiyako da ƙauyukan da ke tsakanin Birnin Kudu da Gwaram, a kudancin Jihar Jigawa. Ta dogara ne da abin da marubucin ya lura da shi a kan teburin gyara, da tattaunawarsa da abokan sana'a, da bayanan da kamfanoni da hukumomi suka fitar a bainar jama'a. Matsayarta ita ce, a karkara tsawon rayuwar na'ura ya fi rataya a kan kusancin kayan gyaranta da sauƙin buɗe ta, fiye da girman sunan kamfanin da ya ƙera ta. Ta kuma nuna cewa garantin da kamfanoni ke bayarwa an tsara shi ne domin mazauna birni.

Gabatarwa



Babu tambayar da ake yi wa mai gyara kamar wannan: "Injiniya, wacce ce ta fi ƙarko?" Manomin da ya sayar da riɗinsa yana son sayen waya zai yi ta, mai shagon kallon ƙwallo zai yi ta a kan talabijin, uwar amarya ma za ta aiko a yi ta a kan fanka. Duk suna jiran a ambaci suna guda. Da na fara sana'a nakan ambata. Yanzu sai na fara tambayar mutum inda zai yi amfani da kayan, da irin wutar da zai riƙa caji da ita, da wanda zai kai wa idan ta tsaya. Amsar waɗannan ita ke yanke hukunci, domin na sha ganin na'ura mai tsada ta ƙare rayuwarta a cikin kwali saboda abu ɗaya da bai kai girman ƙwayar gero ba, alhali wata mai araha an gyara ta sau biyar tana nan tana aiki.

Masana harkar ƙere-ƙere sukan raba abu biyu: tsawon lokacin da na'ura ke ɗauka kafin ta lalace, da tsawon lokacin da ake ɗauka kafin a dawo da ita bakin aiki. Tallace-tallacen kamfanoni na farkon suke yayatawa. Mutumin Kiyako kuwa na biyun ne ke shafar aljihunsa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, shi ya sa na ga ya dace a ji ta bakin masu gyara.

Muhallin da na'ura ke aiki a cikinsa

Kafin a zargi kowane kamfani, adalci ne a faɗi irin wahalar da na'ura ke sha a nan. Kamfanin Apple ya rubuta cewa an ƙera wayoyinsa ne don su yi aiki a yanayin da zafinsa bai wuce digiri 35 a ma'aunin Selsiyos ba, kuma sauran kamfanoni ba su yi nisa da wannan iyaka ba. A watannin Afrilu da Mayu zafin yankinmu yakan haura digiri 40 a inuwa, balle a cikin shagon kwano ko aljihun ɗan acaɓa. Batirin litiyom ba ya shiri da zafi: yana rage masa ƙarfin riƙe caji, yana tara masa iska a ciki har ya kumbura ya ɗaga murfin baya ko ya tsaga gilashi. Idan bazara ta wuce, damina ta zo da jiƙewa da tsawa. Idan hunturu ya kama, ƙura ta cika bakin caji da ramin sifika, ta haɗu da gumi ta zama laka.

Sai wuta. Kamfanin KEDCO ne ke rarraba lantarki a Kano da Jigawa da Katsina tun bayan sayar da kamfanonin rarraba wuta a Nuwamban 2013, kuma ƙa'idar wutar gida a Nijeriya bolt 230 ce. Amma mafi yawan wayoyin ƙauyukanmu wurin mai caji suke kwana, a jere a kan katako mai soket da yawa, ana ba su wuta daga ƙaramin janareto ko daga sola. Janareton da ba shi da abin daidaita wuta yakan yi sama da ƙasa duk lokacin da aka ƙara masa kaya ko mansa ya kusa ƙarewa. Caja mai kyau tana shanye wannan hawa da sauka. Ta jabu kuwa miƙa shi take yi kai tsaye ga wayar, ya ƙone ƙaramin ayisin da ke kula da caji. Haka kuma waya guda a mako ɗaya sai a soka mata igiya iri-iri, kowacce da kaurin bakinta. Wannan ne dalilin da ya sa gyaran bakin caji ya zama abincin yau da kullum ga kowane mai gyara a yankin.

A nan ne ake fara gane bambancin ƙira. Wasu wayoyin an ɗora bakin cajinsu a kan wani ƙaramin fanel na ƙasa mai zaman kansa, wanda ake kwance shi da sukurudireba a sa sabo cikin mintuna kaɗan. Wasu kuma an liƙa shi a jikin babban fanel, sai an hura masa zafi kafin ya fita. Tun da Tarayyar Turai ta hana amfani da dalma mai gubar darma a kayan lantarki a 2006, masana'antu suka koma wa wadda ba ta narkewa sai wajen digiri 217, maimakon 183 na tsohuwar. Ƙarin zafin nan, a hannun yaron da bai ƙware ba, shi ke ɗaga ayisin da ke maƙwabtaka, a kawo waya don ba ta caji a mayar da ita ba ta tashi. Mai saye ba ya ganin wannan bambanci a jikin kwali, kuma babu mai talla da zai gaya masa.

Daga Nokia zuwa Transsion

Layukan wayar salula sun fara aiki a Nijeriya a watan Agustan 2001, da MTN da Econet, Glo ya biyo baya a 2003. A wannan shekarar ce Nokia ya fitar da 1100, wayar da aka ƙera da madannai masu hana ƙura shiga da tocila a ka, wadda aka sayar da fiye da miliyan 200 a duniya. Har yau dattawa a nan da ita suke auna kowace waya. Sun yi gaskiya cewa tana da juriya, amma akwai wani sirri da ba a cika faɗa ba: batirinta, BL-5C, ya shiga wayoyin Nokia iri-iri masu yawa, kuma mai ita da farcensa yake cire shi. Batirin ya yaɗu har masu ƙera ƙananan rediyo da sifika suka riƙa yin kayansu daidai da girmansa. Nokia ya sayar da sashen wayoyinsa ga Microsoft a 2014, amma wannan batiri har gobe ana samun irinsa a faifan masu kayan waya a kasuwar Sara. Abin da ya raya waɗannan na'urori shi ne abu ɗaya ya shiga wurare da yawa.

Kamfanin da ya gaji wannan fili shi ne Transsion na birnin Shenzhen a ƙasar Sin, mai Tecno da itel da Infinix. An kafa shi a 2006, ya mayar da hankalinsa kan Afirka daga 2008, ya zo da waya mai layi biyu a lokacin da kowa ke yawo da layuka saboda raunin sabis, ya kafa sashen gyara mai suna Carlcare a 2009, ya buɗe masana'anta a Habasha a 2011. Ta fuskar mai gyara, ƙarfin wayoyinsa yana cikin yawansu. Da yake su suka cika hannun jama'a, 'yan kasuwar Farm Centre da titin Beirut a Kano ba sa tsoron ajiye gilashinsu da batirinsu da fanel ɗinsu na ƙasa. Mai gyara a Birnin Kudu zai buga waya da safe, a ba direban mota saƙo, kafin magariba ya iso ta hanyar Wudil. Ga kuma gawarwakin wayoyin da suka mutu, waɗanda kowannenmu ke tarawa a durowa yana cire sifika ko kyamara daga ciki. Yawancinsu kuma da ƙwaƙwalwar MediaTek ko Unisoc suke aiki, kuma kayan filashin ɗinsu sananne ne ga duk wanda ya yi koyo a Kano.

Sai dai wannan yalwa tana da nata aibi. Sababbin samfura suna fitowa kusa da kusa, suna kama da juna a ido, amma gilashin wannan ba ya hawa kan wancan, wani lokaci saboda bambancin igiyar ciki kaɗai. Ɗan kasuwa ba zai iya ajiye na kowanne ba, don haka da zarar samfuri ya tsufa sai kayansa su fara ɓuya. Abin da batiri guda ya yi wa Nokia, babu irinsa a wayoyin zamani na kowane kamfani.

Samsung nasa lissafin daban ne. Ƙirarsa tana da tsari, kuma ya daɗe yana tallata garantin wata 24 a kan wayoyinsa a Nijeriya. Amma da yawa daga cikinsu gilashin AMOLED gare su, wanda tsadarsa ta ninka ta LCD. Idan ya fashe, kuɗin na asali yakan kusanci kuɗin wayar a kasuwar 'yan hannu. Mai ita sai ya zaɓi kwaikwayo mai araha, wanda ke rage haske, ya ƙara shan batiri, kuma a wayoyin da ke karanta yatsa ta ƙarƙashin gilashi wannan aikin yakan tsaya. Tun da aka saki naira a watan Yunin 2023, ta tashi daga kusan 460 a dala ɗaya ta haura 1,500 a farkon 2024, wannan zaɓi ya daina zama zaɓi ga mafi yawan mutane. Araha ba ta ado, gaskiya ne, amma wanda ke da naira dubu kaɗan a hannu ba ado yake nema ba, kira yake son amsawa.

Dogaronmu da Kano shi ma abin dubawa ne. Gobarar da ta tashi a kasuwar waya ta Farm Centre a watan Yunin 2025 ta tuna mana cewa masu gyara na jihohi da dama a igiya ɗaya suke rataye.

Garanti da nisan birni

Wannan shi ne sashen da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya. Garanti alkawari ne cewa idan kaya ya lalace ba da laifin mai shi ba, a cikin wani wa'adi, kamfani zai gyara kyauta. Sharuɗɗansa kusan iri ɗaya ne a ko'ina: a kawo rasit, a kai cibiyar da kamfani ya amince da ita, kada ruwa ya shiga, kada a fasa, kuma kada wani ya buɗe. Cibiyoyin suna manyan birane. Daga Birnin Kudu zuwa Kano ya haura kilomita 100, kuma tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023 kuɗin mota ya zama abin da ake zama a lissafa. Gyaran garanti kuma ba kasafai ake gama shi a ranar ba, wato zuwa biyu ke nan.

Wani dattijo mai sayar da awaki ya taɓa kawo mini waya da ba ta fi wata huɗu a hannunsa ba, ta daina jin magana. Ba zan ambaci kamfanin ba. Na duba na ga babu alamar ruwa ko faɗuwa, na ce masa, "Baba, wannan haƙƙinka ne a gyara maka kyauta, amma sai an kai Kano. Idan na buɗe ta, garantin ya faɗi." Ya yi shiru, ya lissafa kuɗin mota zuwa da dawowa sau biyu, ya lissafa ranar kasuwa da zai rasa, sannan ya ce, "Ɗana, buɗe ta. Dillalai ba za su jira ni in dawo daga Kano ba." Na canza masa abin magana a kuɗin da bai kai rabin kuɗin motar ba. Ya tafi yana godiya, ni kuwa raina bai yi daɗi ba, domin kuɗin garantin nan yana cikin farashin da ya biya tun ranar saye. Shi da irinsa suna biyan kuɗin hidimar da mutanen birni kaɗai ke mora.

Waya kuma ta wuce kayan hira. Tun da aka wajabta haɗa layi da lambar zama ɗan ƙasa a Disamban 2020, da kuma ƙarancin takardun kuɗi a farkon 2023 wanda ya tura har masu kayan miya zuwa tiransifa, wayar mutum ta zama asusunsa. Ba mai iya rabuwa da ita mako biyu. Dokar kare haƙƙin masu saye ta 2018, wadda ta kafa hukumar FCCPC, ta ba mai saye damar mayar da kaya mai aibi a gyara ko a musanya ko a biya shi. Duk da haka rasit da yawa har yanzu ɗauke suke da rubutun cewa kayan da aka saya ba a mayarwa, kuma galibin masu saye a ƙauye ko rasit ɗin ba sa karɓa.

Kulle-kullen da ke ɗaure hannun mai gyara

A da, abin da ke hana gyara rashin kaya ne ko rashin sani. Yanzu an ƙara na uku, wato na'urar da kanta ta ƙi. Apple ne ya fi shahara a nan. A 2016 wayoyin iPhone da aka canza wa maɓallin yatsa a wajen kamfani suka riƙa sandarewa da saƙon kuskure mai lamba 53, har sai da ƙorafi ya yi yawa kamfanin ya janye. Daga baya ya zo da tsarin da waya ke gane batiri ko gilashin da ba a ɗaura mata a hukumance ba, ta riƙa nuna gargaɗi. Masu iPhone ba su da yawa a Kiyako, kuma yawanci 'yar Landan ce a hannunsu, amma abin da babba ya fara ƙanana sukan bi. Manne batiri da gam da rufe baya da gilashi tuni ya zama ruwan dare har a wayoyi masu araha.

Kullen da ya fi damun mu a nan na Google ne, wanda ya zo da Android 5.1 a 2015: idan aka goge waya, ba za ta buɗe ba sai an sa asusun da ke kanta a da. Manufarsa hana sata ce, kuma manufa ce mai kyau. Amma a ƙauye mai shago ne ko wani ɗan makaranta ke buɗe wa mutum asusun a ranar saye, ba wanda ya rubuta kalmar sirrin. Bayan shekara waya ta rikice, a yi mata filashin, ta nemi abin da mai ita bai taɓa sani ba. Mai gyara sai ya tsinci kansa tsakanin taimakon mai gaskiya da tsoron buɗe wa ɓarawo. Ni dai ba na taɓa irin wannan sai da kwali ko rasit ko shaidar wanda na sani, kuma ina ganin ya kamata ƙungiyoyinmu su mayar da wannan doka.

Talabijin, fanka da sola

Tsohuwar talabijin mai ƙeya ana bin ta ƙwaya-ƙwaya a canza abin da ya ƙone. Ta bango kuwa cutukanta uku ne: fitilun bayan gilashi su mutu a ji murya ba hoto, ko fanel ɗin wuta ya ƙone, ko tsawa ta biyo igiyar dish. Duka ukun suna gyaruwa idan samfurin sananne ne. LG da Hisense suna da babban dillali guda a Nijeriya, wato Fouani, Haier Thermocool kuma haɗin gwiwa ne da PZ Cussons, don haka akwai inda za a nufa. Waɗanda ke zuwa da suna mai kama da na manya, harafi ɗaya ya bambanta, su ne marayu. Gilashi kuwa in ya fashe, a kowane kamfani, gara a sayi sabuwa.

Fankar caji da fitilar caji suna maimaita darasin BL-5C. Da yawansu batiri mai bolt 6 ko 12 na gama-gari suke ɗauka, ko ƙwayar 18650, don haka duk rauninsu suna daɗewa a gida. Kayan sola na biya-kaɗan-kaɗan kuwa a rufe suke zuwa, kuma wakilin kamfani kaɗai ke da hurumin taɓa su. Muddin wakilin yana kusa, tsarin yana da kyau. Ranar da ya bar yankin, akwatin ya zama kujera.

Abin da ake iya yi

Turai ta fara ɗaure kamfanoni. Faransa ta wajabta manna makin sauƙin gyara a jikin wasu kayan lantarki a Janairun 2021. Daga 28 ga Disamban 2024 duk wayar da za a sayar a Tarayyar Turai dole ta zo da bakin caji na USB-C. Daga 20 ga Yunin 2025 kuma dole kamfani ya ci gaba da samar da muhimman kayan gyaran waya har shekara 7 bayan daina sayar da samfurin, batirinta kuma ya jure caji sau 800 yana riƙe da kashi 80 cikin ɗari na ƙarfinsa. Wasu daga cikin waɗannan za su iso gare mu ba da roƙo ba, domin masana'anta ba ta son ƙira biyu. Amma wayoyin da suka fi yawa a hannunmu ba don kasuwar Turai ake yin su ba. Hukumar NCC tana tantance kowane samfurin waya kafin a sayar, SON kuma tana duba ingancin kayan da ake shigowa da su. Ina ganin a wannan ƙofa ce ya kamata a ƙara sharaɗin shekarun samar da kayan gyara, tare da tilasta rubuta darajar gilashi da batiri a jikin ledarsu, na asali ne ko kwaikwayo. A yau mai gyara ne ke ɗaukar zargin batirin da ya kumbura bayan wata biyu, alhali shi ma a matsayin na asali aka sayar masa.

Batun garanti kuwa ba ya buƙatar sabuwar doka. Kamfani zai iya zaɓar mai gyara guda a Birnin Kudu da guda a Gwaram, ya horar da su, ya ba su izinin yin ƙananan gyare-gyare kamar bakin caji da abin magana da batiri ba tare da garanti ya faɗi ba, manyan kuma su tattara su aika Kano sau ɗaya a mako. Hukumar NBTE da ke Kaduna tana da tsarin ba da shaidar ƙwarewa ga waɗanda suka koyi sana'a a wajen aji, kuma da wannan shaida kamfani zai san wanda zai amince da shi.

Akwai kuma aikin da ya rage gare mu da makarantunmu. Kowace rana bayanai masu daraja suna wucewa ta kan teburanmu suna ɓacewa. Da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Jihar Jigawa da ke Dutse ko cibiyar koyar da fasahar sadarwa ta Kazaure za ta raba wa masu gyara na Kiyako da Birnin Kudu da Sara da Gwaram littafi mai layi shida, samfurin na'ura, shekarunta a hannu, abin da ya lalace, inda aka samo kayan gyara, kwanakin da aka jira, da abin da aka biya, ɗalibai su riƙa zuwa kwafa duk ƙarshen wata, cikin shekara guda za a samu alƙaluman da za a ajiye a gaban NCC da wakilan kamfanonin a Kano.